Yaƙi a Gonakin Inabi: Tambayoyi da Amsoshi kan Sana'ar Giyar Inabi a Yukren

Duk wanda ya ji an ambaci noma a Yukren, alkama da masara da man girki ne ke fara faɗo masa a rai, domin su ne suka sa farashin burodi ya tashi har a kasuwanninmu lokacin da Rasha ta kutsa cikin ƙasar ranar 24 ga Fabrairun 2022. Akwai kuma wani noman da ba a cika jin labarinsa ba, wato na inabi, da sana'ar matse shi a yi giya. Ga wasu tambayoyi da mai karatu zai iya yi a kai, da amsoshinsu.

Wai dama ana noman inabi a Yukren? Ba ƙasar ƙanƙara ba ce?

Arewacinta da tsakiyarta akwai sanyi mai tsanani, amma kudancinta ya jingina ne da tekun Bahar Aswad, inda bazara ke da tsawo, rana ke da ƙarfi, ƙasar kuma tana da farar ƙasa da yashi irin wanda kurangar inabi ke so. Girkawa ne suka kawo sana'ar kimanin shekara 2,500 da suka wuce, lokacin da suka kafa garuruwa a bakin tekun, irin su Olbia kusa da Mykolaiv ta yau, da Tyras a bakin kogin Dniester, da Chersonesus a Kirimiya. Har yanzu masu tonon tarihi na samun tuluna da duwatsun matsar inabi a waɗannan kangaye.

A zamaninmu yankunan inabi biyar ne fitattu: Kirimiya, Odesa (musamman ɓangarenta na kudu maso yamma da ake kira Bessarabia), Mykolaiv, Kherson, sai Zakarpattia can yamma a bayan duwatsun Carpathia, kan iyaka da Hangari. Duba taswirar yaƙin ka gani: huɗu daga cikin biyar ɗin suna hannun Rasha, ko suna bakin daga, ko kuma makamai masu linzami na iya kai musu a kowane dare.

Mu da yawancinmu ba ma shan giya, me ya kai mu wannan magana?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba za a kauce mata ba. Ga Musulmi hukuncin giya a bayyane yake, wannan rubutu kuma ba talla ba ne. Abin da ke cikinsa labarin manoma ne, da leburori, da direbobi, da masu yin kwalba, da ƙauyukan da ba su da wata hanyar samu sai gonar inabi. Akwai kuma darasi game da abin da yaƙi ke yi wa shukar da ke ɗaukar shekaru kafin ta ba da amfani, darasin da mai gonar mangwaro ko lemo ko dabino zai gane nan take.

Wani abu kuma: cikin waɗanda suka riƙe noman inabi a Kirimiya ɗaruruwan shekaru akwai Tatar, waɗanda Musulmi ne. Sun noma inabin ci, sun shanya shi, sun dafa ruwansa ya zama wani abu mai kauri kamar zuma. Sunayen tsofaffin irin yankin, kamar Ekim Kara da Dzhevat Kara, daga harshensu suka fito. A watan Mayun 1944 Stalin ya kwashe su gaba ɗaya zuwa tsakiyar Asiya, gonaki da yawa suka rasa masu sanin kansu. Ke nan ba yau ne aka fara raba kurangar inabin wannan yanki da mai kula da ita ba.

A 2022 ne matsalar ta fara?

A'a. Bugun 2022 shi ne na uku a cikin shekara arba'in.

Na farko ya zo a 1985, lokacin da Mikhail Gorbachev ya ƙaddamar da yaƙi da shaye-shaye a Tarayyar Sobiyet. Kafin nan Yukren na da gonakin inabi sama da hekta 200,000. Jami'an jam'iyya, don nuna biyayya, suka sa aka tumɓuke dubban hektoci, ba tare da tantance mai kyau da maras kyau ba. Bayan rushewar tarayyar a 1991 gonakin gwamnati suka shiga halin ni-'ya-su, kasuwa kuma ta cika da giya mai araha, mai zaƙi, wadda ba ta jawo wa ƙasar suna ba.

Na biyu shi ne 2014, da Rasha ta ƙwace Kirimiya. A dare ɗaya Yukren ta rasa kusan rabin ƙarfinta a wannan sana'a, har da tsofaffin kamfanoninta mafi suna. Daga nan zuwa jajibirin mamayar 2022, abin da ya rage mata bai wuce hekta dubu arba'in da 'yan kai ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Me ya faru da kamfanonin da ke Kirimiya?

Labarin Massandra ya ishe mu misali. Wannan rumbu ne da aka gina a 1894 kusa da Yalta don fadar sarkin Rasha Nicholas na Biyu, ƙarƙashin kulawar Yarima Lev Golitsyn, wanda shi ne kuma ya kafa Novyi Svit a 1878. A cikin ramukan Massandra akwai tarin tsofaffin kwalabe kusan miliyan ɗaya, wasu sun haura shekara ɗari biyu. A 2001 an yi gwanjon kwalba guda daga wannan tari, ta shekarar 1775, a kan dala 43,500 a Landan.

Bayan 2014 hukumomin da Rasha ta naɗa suka karɓe kamfanin, Tarayyar Turai kuma ta sa masa takunkumi tare da Novyi Svit da cibiyar binciken inabi ta Magarach. A watan Satumban 2015 Vladimir Putin ya kai tsohon firaministan Italiya Silvio Berlusconi yawon buɗe ido a wurin, aka ba da rahoton cewa an buɗe musu irin waccan kwalba ta 1775. Masu gabatar da ƙara na Yukren suka buɗe shari'a kan shugabar kamfanin, bisa zargin almubazzaranci da dukiyar ƙasa. Shari'ar ba ta hana komai ba. A 2017 aka sayar da Novyi Svit, a ƙarshen 2020 kuma aka sayar da Massandra kan kuɗi sama da rubul biliyan biyar, duka ga wani kamfani da ke ƙarƙashin Bank Rossiya, bankin Yury Kovalchuk, na hannun daman Putin. A ganin gwamnatin Yukren wannan ciniki haramtacce ne tun daga tushe, amma maƙullan suna hannun wanda ya saya.

Me ya sa ake cewa ɓarnar gonar inabi ta fi ta alkama zafi?

Nan ne gundarin maganar. Alkama shukar shekara guda ce. Idan yaƙi ya hana ka shuka bana, ka yi asarar bana. Baɗi in ƙura ta lafa kuma filin ba shi da nakiya, sai ka sayi iri ka koma. Kurangar inabi itace ce. Daga dasawa zuwa 'ya'yan farko ana jiran shekara uku zuwa huɗu, ba ta kai cikakken ƙarfinta sai ta yi shekara shida ko bakwai, masu sana'ar kuma sun fi daraja 'ya'yan wadda ta haura shekara ashirin, domin saiwarta ta yi nisa a ƙasa. Kafin duk wannan an riga an zuba jari a turaku da wayoyin da take hawa da bututun ban ruwa. Manoman inabi na Kudan a Jihar Kaduna sun san irin kuɗin da ake binnewa a turaku da waya kafin a tsinki ƙwara ɗaya.

Sannan ita ba ta yarda a juya mata baya. Kowace shekara a ƙarshen hunturu, wato Fabrairu zuwa Maris, dole a yi mata aski, a datse yawancin rassan bara, a bar kaɗan. Mamayar ta faɗo daidai wannan lokaci, ma'aikata na cikin gona da almakashi a hannu. Da bazara dole a yi feshi sau da yawa saboda cutar fumfuna da ke cin ganye da 'ya'ya. Girbi kuma, daga Agusta zuwa Oktoba, kwanaki ne ƙidayayyu: inabin da ya nuna yau, in aka bar shi mako biyu ya wuce yadda ake so. Gonar da aka bari shekara ɗaya za a iya ceto ta da wahala. Wadda ta yi shekara biyu ko uku ba aski ba feshi ta zama sarƙaƙiya, sau da yawa tumɓuke ta a sake dasawa ya fi sauƙi.

Haka abin yake a rumbu. Giyar da ke kwance a ganga ko a kwalba aikin shekarun baya ne da ba a riga an sayar ba. Bam ɗaya a kan rumbu na iya cinye girbin shekara biyar a lokaci guda.

Waɗanne wurare ne suka fi jin jiki bayan Fabrairun 2022?

Biyu sun fi fitowa fili. Na farko gidan giyar Yarima Trubetskoi, a ƙauyen Vesele na lardin Kherson, daf da madatsar ruwan Kakhovka. An kafa shi a ƙarshen ƙarni na 19, gini ne mai hasumiya irin na fadojin Faransa, kuma kafin yaƙin an gyara shi ya zama wurin da baƙi ke zuwa. Sojojin Rasha sun shiga yankin tun kwanakin farko, masu gidan kuma sun ce an wawashe rumbunsa, har da tsofaffin kwalaben da aka adana tun zamanin Sobiyet. A Nuwamban 2022 sojojin Yukren suka ƙwato gaɓar yamma ta kogin Dnipro, har da birnin Kherson ranar 11 ga wata. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba: kogin ya zama iyakar daga, gidan yana kallon bindigogin Rasha a ɗaya gaɓar, luguden wuta ya ragargaza ginin. A can gaɓar gabas, kamfanin Tavria na Nova Kakhovka, wanda ya yi suna wajen barasar da ake tacewa daga inabi, yana hannun Rasha tun farkon mamayar.

Na biyu Artwinery na Bakhmut. Wannan kamfani, da aka buɗe a 1950, yana cikin tsofaffin ramukan haƙar ma'adinin gypsum, sama da mita 70 a ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi ba ya canzawa rani da damina. Irin wannan wuri ake buƙata don giya mai kumfa da ake bari ta sake tsima a cikin kwalbarta tsawon watanni ko shekaru, yadda ake yi a yankin Champagne na Faransa. Yana cikin manyan masu yin irinta a gabashin Turai. A ramukan nan ne kuma 'yan Nazi suka rufe dubban mutane da ransu, yawancinsu Yahudawa, a farkon 1942, akwai bangon tunawa da su a ciki. An yi watanni ana gwabzawa a Bakhmut kafin ta faɗa hannun Rasha a Mayun 2023, sojojin hayar Rasha na Wagner kuma suka riƙa nuna kansu a bidiyo tsakanin jerin kwalabe. Kamfanin ya samu ya fitar da wani ɓangare na kayansa, ya koma aiki a lardin Odesa, amma miliyoyin kwalabe sun rage a ƙasa. Injina ana iya saya. Ramin da ya kai zurfin mita 70 ba a loda shi a mota.

Wanda gonarsa ke nesa da fagen daga fa, shi ma ya taɓu?

Ƙwarai kuwa, ta hanyoyin da ba a zata ba. Fara da kwalba. Ɗaya daga cikin manyan masana'antun kwalba na ƙasar, ta kamfanin Vetropack na Suwizalan, tana Hostomel ne kusa da Kyiv, garin da aka yi ƙazamin faɗa a kan filin jirginsa tun ranar farko. Masana'antar ta lalace, ba ta koma aiki ba sai 2023. Mai giya a ganga ba shi da abin ɗurawa, sai ya sayo kwalba daga waje da tsada. A Yulin 2022 kuma babban bankin ƙasar ya rage darajar kuɗinsu, hryvnia, daga kimanin 29 zuwa sama da 36 a kan dala ɗaya. Toshiyar kwalba, gangar katako, maganin feshi, kayan gyaran inji, duk daga waje suke zuwa, duk suka ƙara kuɗi.

Kasuwar cikin gida ma ta tsaya cik. A makonnin farko larduna da yawa sun haramta sayar da barasa baki ɗaya. A Kyiv haramcin ya ɗauki duk watan Maris na 2022. Gidajen abinci sun rufe, miliyoyin mutane sun tsallaka iyaka, dokar hana fitar dare ta kashe cinikin yamma. Wuraren shaƙatawa na bakin teku kamar Zatoka da Koblevo, inda ake sayar da kaso mai tsoka a lokacin bazara, sun zama kufai saboda nakiyoyin ruwa.

Sai hanya. Gadar Zatoka, wadda ta haɗa Odesa da Bessarabia ta bakin kogin Dniester, an fara kai mata hari tun Afrilun 2022, aka kuma maimaita. Kamfanin Shabo, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar, yana 'yan kilomita kaɗan daga nan. Ɗaya hanyar motar da ta rage sai ta ɗan ratsa ta cikin ƙasar Moldoba kafin ta dawo Yukren.

Daga Oktoban 2022 Rasha ta koma dukan tashoshin wutar lantarki. Wannan ya zo daidai lokacin da ruwan inabin sabon girbi ke tsima a cikin manyan tankuna. Tsimawa na fitar da zafi, in ba a sanyaya tankin ba kayan ya lalace cikin 'yan kwanaki. Sai kowa ya koma janareto da dizal, abin da ba sai an yi wa ɗan Najeriya bayanin yadda yake cin riba ba.

Fashewar madatsar Kakhovka ta shafi inabi?

Ta shafa. Madatsar ta fashe ranar 6 ga Yunin 2023 tana hannun sojojin Rasha. Yukren ta ce su suka tarwatsa ta, Moscow ta musanta. Ambaliyar ce aka fi nunawa a talabijin, amma asarar da za ta daɗe ita ce ta ruwan da ya tafi. Tafkin ne ke ciyar da magudanan ban ruwa na kudancin ƙasar, ma'aikatar noma ta Yukren kuma ta ce kashi 94 cikin ɗari na tsarin ban ruwa a lardin Kherson ya rasa madogara, kashi 74 a Zaporizhzhia. Tsohuwar kuranga na iya jure fari saboda zurfin saiwarta. Sabon dashe ba ya iyawa, kuma sabon dashe ne ake buƙata in za a farfaɗo. Ita ma Kirimiya abin ya taɓa ta, domin babbar magudanar da ke kai mata ruwa daga wannan tafki take ɗiba.

Yaya batun nakiyoyi?

Hukumomin Yukren sun fara ƙiyasta cewa fili mai faɗin murabba'in kilomita 174,000 na iya ƙunsar nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba, daga baya adadin ya ragu yayin da ake bincike da sharewa. Kherson da Mykolaiv na cikin lardunan da abin ya fi muni. Ƙungiyoyi irin su HALO Trust na aiki a can tare da jami'an gwamnati.

Gonar inabi tana da wahalar sharewa fiye da filin hatsi. A buɗaɗɗen fili ana iya tura babbar mota mai sulke ta bi ta daddake ƙasa. A gonar inabi yin haka daidai yake da kashe gonar. Ga kuma waya da ƙusoshi ko'ina, na'urar gano ƙarfe sai ta yi ta kuka a kowane taku. Dole mutum ya bi layi-layi da hannu. Kuma da yake ƙasa na neman abinci da kuɗin shiga, filayen hatsi ake sa wa gaba, mai inabi ya jira. Kowace shekarar jira kuwa, kamar yadda aka faɗa a sama, tana ƙara kashe kurangar.

Su wa ke aikin gonar, tunda maza sun tafi yaƙi?

A farkon yaƙin, a 2022, dokar ta-ɓaci ta hana yawancin maza masu shekara 18 zuwa 60 fita daga ƙasar, a Afrilun 2024 kuma aka rage shekarun kiran soja daga 27 zuwa 25. Direban tarakta, makanike, mai kula da tankuna, duk irin mutanen da soja ke nema ne. Aski da girbi aikin hannu ne mai buƙatar gwaninta, ba a koyonsa a mako guda. Mata da dattawa da 'yan gudun hijirar cikin gida ne suka cike gurbin, mata da dama suka koyi tuƙin tarakta.

Cikin masu gonakin ma akwai waɗanda suka sa kaki. Sanannen su shi ne Sergiy Stakhovsky, ɗan wasan tanis ɗin da ya fitar da Roger Federer daga gasar Wimbledon a 2013. Yana da gonar inabi a Zakarpattia, ya yi ritaya daga wasa a farkon 2022, makonni kaɗan bayan haka ya koma gida ya shiga soja.

Akwai waɗanda suka ci gaba da aiki a bakin wuta?

Akwai. Beykush ƙaramin kamfani ne a wani ɗan tsibiri-tsibiri kusa da Ochakiv a lardin Mykolaiv. Tsallaken ruwa kaɗan daga nan akwai zirin Kinburn, inda sojojin Rasha suka kafa manyan bindigogi suna harbin Ochakiv. Ma'aikatan ba su bar gonar ba, sun yi girbin 2022 ana jin ƙarar harbi, a shekarar ce kuma wata giyarsu ta samu lambar zinare a gasar Decanter da ake yi a Landan. Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa jaridun Turai suka yi ta maimaita shi. Sai dai a tuna cewa a bayan kowane irinsa akwai gonaki da yawa da aka bari shiru, ba wanda ya rubuta sunansu.

Ana cewa sana'ar tana farfaɗowa. To ina wannan magana ta samo asali?

Tushenta ya riga mamayar. Kafin 2016, duk mai son sayar da giyar inabi a sari sai ya biya lasisin hryvnia 500,000 a shekara, ko da gonarsa hekta biyu ce. Wannan ya bar fagen ga manyan kamfanoni kawai. A 2016 aka cire wannan kuɗi ga masu matse inabin gonarsu, a 2018 aka rage tulin takardun da ake nema. Rashin Kirimiya kuma ya bar giɓi a kantuna. Faɗuwar wani tashin wani: ƙananan gidaje na iyali suka fara fitowa, suna yin kaɗan amma mai inganci.

Bayan 2022 abubuwa uku suka ƙara musu ƙarfi. Mutanen birane sun koma sayen kayan gida da gangan, don kishin ƙasa da kuma tsadar na waje. Majalisar dokoki ta ci gaba da sassauta wa ƙananan masu sana'a, a Agustan 2024 kuma ta amince da sabuwar dokar inabi da giyarsa wadda aka tsara bisa ƙa'idojin Tarayyar Turai. Na uku, sana'ar ta fara matsawa yamma da arewa. Zakarpattia, inda Chateau Chizay yake a Berehove tun 1995, ta fi ko'ina kwanciyar hankali. Ɗumamar yanayi kuma ta sa inabi na nuna a wuraren da da ba a yi tsammani ba, kamar kewayen Kyiv da Ternopil da Lviv.

A ganina a nan ne ya kamata a yi hattara da kalmar farfaɗowa. Yawan masu lasisi ya ƙaru, suna ya ƙaru, inganci ya ƙaru. Faɗin gonaki kuwa raguwa ya yi. Gidaje ashirin masu hekta biyar-biyar ba su kai gona ɗaya ta Kherson da aka rasa ba, leburan da ya rasa aikinsa a Nova Kakhovka kuma lambar zinare a Landan ba ta sa masa tukunya a wuta.

Ana sayen kayansu a ƙasashen waje?

Ana saye. Da farko tausayi ne ya buɗe ƙofa: kantuna a Birtaniya, Amurka, Polan, ƙasashen Baltic da arewacin Turai sun nemi kayan Yukren don nuna goyon baya. A ƙarshen 2022 ƙasar ta koma cikin ƙungiyar inabi ta duniya da ake kira OIV, masu sana'ar kuma suka fara zuwa manyan baje-koli kamar ProWein na Düsseldorf a Jamus ƙarƙashin tuta ɗaya, Wines of Ukraine. Kaya na fita ne ta mota, ta Polan da Romaniya, abin da ya sa rufe iyakar da direbobin Polan suka yi a Nuwamban 2023 ya jawo musu jinkiri da asara.

Tausayi yana sa a sayi kwalbar farko. Ta biyu sai in kayan ya yi. Abin da suke dogaro da shi a nan shi ne irin inabin da ba kowa ke da shi ba. Akwai Telti-Kuruk, fari, wanda ake nomawa a yashin Shabo tun zamanin Daular Usmaniyya. Sunan daga Turkanci yake, ma'anarsa wutsiyar yanyawa, saboda siffar nonon inabin. A garin ne kuma wasu manoma daga Suwizalan suka sauka a 1822 ƙarƙashin jagorancin Louis Tardent. Akwai Odesa Black, wanda cibiyar Tairov da ke kusa da Odesa, wadda aka kafa a 1905, ta samar ta hanyar auratayya tsakanin Alicante Bouschet da Cabernet Sauvignon. A zamanin Sobiyet ƙara wa wasu launi kawai ake yi da shi, saboda har tsokarsa ja ce. Yau gidaje irin su Kolonist na yankin Bolhrad suna ɗura shi da sunansa, ya zama abin da ƙasar ke nunawa a baje-koli.

Me ya sa aka ce za su daina amfani da sunan shampen da koñak?

Sharaɗi ne a yarjejeniyarsu da Tarayyar Turai. A dokar Turai shampen (giya mai kumfa) da koñak (barasar da ake tacewa daga inabi) sunayen wurare ne a Faransa, wato Champagne da Cognac, ba wanda zai liƙa su a kwalba sai mutanen wurin. Tun zamanin Sobiyet ake kiran duk giya mai kumfa shampen a Yukren. An ba su wa'adin shekara goma daga 2016 su sauya, wa'adin ya ƙare a farkon 2026. Tun da ƙasar ta zama 'yar takarar shiga tarayyar a Yunin 2022, ba ta da hanyar kaucewa. Sauya tambari da koya wa masu saye sabon suna kuɗi ne, ya kuma zo a lokacin da aljihu ya bushe.

Wa zai biya diyyar abin da aka lalata?

A Mayun 2023, a taron Reykjavik, ƙungiyar ƙasashen Turai da ake kira Council of Europe, wadda daban take da Tarayyar Turai, ta kafa rajistar ɓarnar yaƙin Yukren, mai ofis a birnin Hague, don tattara ƙorafe-ƙorafe da hujjoji. Rajista rubutawa take yi, ba ta biya. Maganar inda kuɗin zai fito ta rataya ne a kan kadarorin babban bankin Rasha da aka daskarar a ƙasashen yamma, kusan dala biliyan 300, waɗanda aka daɗe ana jayayya a kan halascin taɓa su. Ko an fara biya, masu gidajen da suka rushe da iyalan waɗanda aka kashe ne a sahun gaba. Ga kuma wahalar ƙiyasi: nawa ne kuɗin kuranga mai shekara talatin, ko kwalbar da ba a taɓa sa mata farashi ba?

Idan yaƙin ya tsaya yau, shekara nawa za a ɗauka?

Ya danganta da inda gonar take. A Odesa da Zakarpattia gonakin na nan da ransu. Abin da suke jira wutar lantarki ce tsayayya, da ma'aikata, da buɗewar bakin teku ga baƙi, don haka shekara biyu ko uku na iya nuna bambanci. A gaɓar yamma ta Dnipro lissafin daban ne. Sai an share nakiya, a tumɓuke matattun kurangu, a bar ƙasa ta huta, a samo ruwa tunda tafkin Kakhovka babu shi, a sayo dashe, a kafa turaku, a ja waya, sannan a fara ƙidaya shekara huɗun jiran 'ya'yan farko. Manomin da ya dasa a shekarar da aka ajiye makamai zai yi shekara bakwai zuwa goma kafin gonar ta fara mayar masa da jarinsa, kuma ba bankin da zai ba shi bashi mai tsawon haka sai ya tabbata bindigogin da ke ɗaya gaɓar kogin ba za su sake tashi ba. Kirimiya da Nova Kakhovka da Bakhmut kuwa, nasu ba lissafin manomi ba ne, yana kan teburin masu zana iyaka.